Haƙorin Sarkin Aska

Tun da na dawo daga Kano ba ku bar ni na huta ba. In na zauna a gindin durumin bakin kasuwa, Wayyo ba mu labari. In na fito daga masallaci, Wayyo me kuka gano a ƙasar Ingilishi. Wata biyu ina ce muku aska muka je saye, kuna yi mini kallon maƙaryaci, kuma kuna da gaskiya. Yanzu an kwance mini baki, don haka na sa abin a takarda, kada shekara ukun da na yi ina shan bulala a lakwal, makarantar bokon Magariya, su tafi a banza. Wanda ya iya boko ya karanta wa saura.

Saboda baƙon da takardar za ta iya faɗawa hannunsa, bari in fara da sunana. Ilu aka raɗa mini, amma rabona da jin sa a bakin mutumin Dungas shekara ashirin. Sarkin Aska Mati, shugaban wanzaman garinmu, shi ya raba ni da shi. Shi ke yi wa 'ya'yanmu kaciya, shi ke cire beli, shi ke cire haƙori ranar kasuwa a rumfarsa jama'a na tsaye suna kallo. Yana da wata al'ada: duk wanda ya yi ihu a ƙarƙashin awartakinsa, abin da ya furta shi zai zama sunansa. Shi ya sa muke da A-Sake-Ni mai gishiri da Na-Tuba maƙeri, dattawa masu jikoki. Ni kuwa ina ango, kwana goma da ɗaurin aure, na kai masa matauni. Ya kama, na ji kamar kaina ake tumɓukewa, na ƙwala "wayyo inna!" surukina na tsaye a gaba. Daga ranar na zama Wayyo-Inna, da tafiya ta yi tafiya aka gajarta. 'Ya'yana ma 'ya'yan Wayyo ake ce musu.

Wata safiya bayan kakar gyaɗa ina gyaran rumbu, sai ga Sarkin Aska ya shigo ba sallama, ya ja amawali har ƙarƙashin ido kamar Buzu. Ya duba hagu, ya duba dama, ya sauke. Kuncinsa na hagu ya yi kamar ya cusa goriba.

Ya ce, "Wayyo, kai ka san hanyar Kano, kana bin motocin gyaɗa. Za ka raka ni. Wanda ya tambaya, aska zan sayo."

Na ce, "Sarki, wanzamai nawa ke ƙarƙashinka? Kowa da awartakinsa a zabira."

"Wanda na koya wa aiki zai sa mini ƙarfe a baki a Dungas? Ka yi hankali."

"To Damagaram fa? Ai akwai likita, gidan maganin Nasara."

"Farmiye, mai jinyar da ke taimaka wa lokotoro, Nasaran da ke duba marasa lafiya a can, surukin limaminmu ne. Kafin in dawo labari ya riga ni. Kuma allura suke yi."

Yadda ya ce "allura" ɗin nan, a nan na gane. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma ban taɓa zaton abin ya kai haka ba. Wani bafatake ne ya ba shi labarin wani likitan haƙori a Kano, wai yana sa mutum ya shaƙi wata iska, tsoro ya fita daga ransa, a yi masa aiki idonsa biyu. Kwana goma sha biyu yana fama da kanumfari da kanwa da rubutu, abin sai gaba yake.

Na ce, "Duk garin nan me ya sa ni?"

Ya ce, "Ko ka faɗa, wa zai yarda da kai a maganar tsoro?"

Duk da haka sai da ya sa na ɗauki amana cewa abin da na gani ya tsaya a cikina. Na ɗauka. Ba don ina son sa ba, gaskiya, sai don ina son in gani da idona.

Hanyar Maigatari ta fi kusa, amma rabin mutanen Dungas na cin kasuwar can, sai ya ce mu zagaya ta Magariya. Muka hau jakai. Da la'asar sakaliya muka yada zango a wani ƙauye wajen Kwaya, gidan wani manomi da Sarki ya yi wa 'ya'yansa huɗu kaciya. Mutumin nan ya rasa inda zai sa mu don murna, ya yanka zabi biyu aka gasa. Sarki ya dubi naman, ya haɗiyi yawu ta gefe guda, ya ce ai shi watan nan azumin nafila yake, buɗa-bakinsa kunu ne kawai. Na zauna na tashi da zabin nan biyu, ina karya ƙashi a hankali yadda zai ji. Da safe maigidan ya ce albarkar mai azumi ba zai bari mu tafi mu kaɗai ba, ya raka mu har ƙofar Magariya. Yini guda cikin rana Sarki bai isa ya kurɓi ruwa ba, ni kuwa duk rijiyar da muka wuce sai na tsaya na sha na wanke fuska.

A Magariya muka samu kamyo na gyaɗa mai zuwa Kano, muka hau can bisa buhuna. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji wani ɗan nishi daga cikin rawani. Da muka isa bakin iyaka 'yan duwan masu binciken kaya suka sauke mu. Wani gardi mai jar hula ya zagaya Sarki sau biyu, ya ce ya sauke amawali. Ya sauke. Gardin ya tsura wa kuncin ido.

"Tsoho, me ka ɓoye a baki?"

"Ba komai."

"Kwanan baya mun kama wani da azurfa a kumatu. Tofar."

Na buɗe baki zan yi bayani da ɗan Faransancina, kafin in haɗa kalma biyu gardin ya sa babban yatsa ya danna kumburin. Jama'a, kun san kukan bunsuru in an kama shi ta ƙafar baya? To da a rumfarsa aka yi wannan kukan, ban san sunan da zai sa wa mai shi ba. Gardin ya yi tsalle baya, ya ce mu wuce, mu wuce. Da muka koma kan buhuna Sarki ya ce mini, "Tari ne ya sarƙe ni." Na ce, "Na ji, Sarki. Allah ya sawwaƙe."

Muna tsallaka iyaka sai direba ya bar hannun dama ya koma hagu. Sarki ya damƙe ni yana salati, ya zaci mutumin ya yi barci. Ashe haka dokarsu take, Ingilishi hagu suke bi. Mu Faransi ta ce dama, su an ce musu hagu, hanyar kuwa rairayi ne da ramuka iri ɗaya, kuma jaki bai san da dokar kowa ba. A Babura muka tsaya Sarki ya sha fura, ita ma a karkace, kamar kaza na shan ruwa.

A Kano muka sauka Fagge, gidan wani fatoma da ke saukar da fataken Damagaram. Abin da ya fara burge Sarki a birnin nan ba ganuwa ba ce, ba kuma dalar gyaɗar da aka jera kamar duwatsu ba, burodi ne. Namu na Faransi kun san shi, dogo, mai tauri, ka iya korar kare da shi. Nasu kuwa laushi kamar auduga, a tsoma a shayi mai madara ya narke. Ya ci guda biyu, ya ce lallai Ingilishi sun fi Faransi tausayin tsofaffi. Mutanen Kano kuma ba su ce wa gidan magani likita yadda muke cewa, asibiti suke cewa, likita shi ne mutumin. Sai da masu facin tayar da na tambaya hanya suka yi mini dariya kafin na gane.

Washegari tsautsayi ya faɗo. Cikin baƙin gidan akwai wani Habu, mai fataucin fata daga wajenmu, shi ma haƙori ya hana shi sakat. Yana ganin zabira ya gane mai ita, ya zube ƙasa.

"Sarkin Aska! Allah ne ya kawo ka. An ce in je asibiti, na ce ni da Sarki na raye Nasara ba zai taɓa mini baki ba."

Na zaci zai kawo uzuri. Ina! Ya gyara amawali, ya ce in riƙe kan mutumin. Na riƙe. Ina kallon idon Sarki bisa rawani, jajir don nasa ciwon. Ya finciko haƙorin, Habu ya yi ihu, "ku taimake ni!" Sarki ya ɗaga awartaki sama yadda ya saba, ya ce, "To jama'a, ga Ku-Taimake-Ni, Allah ya raya." Tsakar gidan ta ɗauki dariya. Ni ban yi ba. Ranar na tsane shi tsana ta gaske, har na ce a raina rama cuta ga macuci ibada ne, gobe ma rana ce.

Asibitin ba kamar rumfa ba ne. Ba mai kallo. A ba ka kati, ka zauna a benci, a kira ku ɗaya bayan ɗaya a rufe ƙofa, ko ka yi kukan jaki ba wanda zai san fuskarka. Na ce wannan ƙasa ba ta san nishaɗi ba. Malamin da ke yi wa likitan tafinta, wani Bakano mai suna Malam Inuwa, ya leƙa bakin Sarki, ya taɓa wuyansa, fuskarsa ta canja.

Ya ce, "Baba, ka makara ƙwarai. Kumburin ya fara gangarowa wuya. Yau za a cire, ba gobe ba. Ka ci wani abu da safen nan?"

Sarki ya ce bai ci ba. Sannan ya tambaya a hankali, "Iskar nan, kashe mutum take ta tashe shi?"

"A'a, Baba. Ba barci za ka yi ba. Za ka ji ana magana, za ka amsa, in abu ya dame ka ka ɗaga hannu a tsaya. Fargabar ce kawai take kwantawa. In an gama an cire, jim kaɗan ka dawo yadda kake, sai dai a raka ka gida."

Muna cikin haka wani inji ya tashi a ɗakin, wani zuuu mai shiga ƙashi. Sarki ya miƙe ya ce zai kama ruwa. Na jira, na jira. Da aka kira katinmu ba shi ba dalilinsa. Na fita na same shi can bayan katanga a gindin wata darbejiya, a tsugune, butar ma bai ɗauka ba. Da ya gan ni ya kawar da kai.

Ya ce, "Mu koma gida. Ya yi sauƙi."

Wannan ita ce ranar da na yi shekara ashirin ina jira. Na tanadi maganganu tun daga Kwaya, na jera su, na goge su. Na dube shi, tsoho a ƙasar mutane, yawu na zuba ta gefen baki ba ya iya haɗiyewa, sai duk suka tsere mini. Abin haushi, tausayi ne ya zo. Na ce, "Sarki, tsoro na daji, kunya na gida. Nan daji ne, ba wanda ya san ka. Ji tsoronka ka ƙoshi, amma tashi mu shiga. In ka koma haka, gawarka zan kai Dungas."

Ya ce, "Za ka tsaya kusa?"

Na ce zan tsaya.

Aka kwantar da shi a wata kujera mai jingina da baya. Likitan Bature ne gajere mai sanƙo, ya wanke hannu, ya nuna masa kayan aikin ɗaya bayan ɗaya, Malam Inuwa na faɗin amfanin kowanne. Mu a gida ɓoye awartaki ake a bayan riga sai an danne mutum. Aka ɗora masa wata 'yar roba a hanci, da tiyo zuwa wasu tukwanen ƙarfe dogaye, aka ce ya ja numfashi a hankali. Ya riƙe hannuna har na ji ƙashi. Can sai na ji riƙon na sassautawa. Kafaɗunsa suka sauka. Ya dubi rufin ɗakin, ya yi wata 'yar dariya irin ta jariri.

Malam Inuwa ya ce, "Baba, kana ji na?"

"Ina jin ka, ɗan nan. Ƙafafuna sun tafi Dungas sun bar ni." Ya juyo da ido kan faranti. "Kai, wannan awartaki! Wane maƙeri ya yi shi? Tambayi Nasaran ko zai sayar."

Likita ya ɗauko allura, doguwa, ya kawo ta gaban idonsa. Sarki ya bi ta da kallo kamar mai kallon tsuntsu, ya buɗe baki da kansa, aka soka a dasashi. Aka ce a ɗan jira wurin ya mutu. A cikin jiran nan ne ya juyo gare ni, idonsa tar, muryarsa kwance.

"Ashe tsoro kaya ne, ana iya sauke wa mutum. Ubana bai san haka ba. Ina ɗan shekara goma ya matse ni tsakanin gwiwoyinsa, ya karya mini haƙori, ya ce ɗan wanzami ba ya kuka. Tun ranar ba wanda ya taɓa mini baki." Ya sake yin dariyar nan. "Naka ma karyewa ya yi. Ka sani? Hannuna ne ya goce, na bar saiwar a ciki, na yi ta haƙa. Ko zaki ne sai ya kira uwarsa. Na ga mutane sun fara duban hannuna, sai na ba su kai su duba. In ana dariya ba a duban hannu. Na-Tuba ma haka. Ba duka ba, amma da yawa."

Malam Inuwa ya sunkuyar da kai yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Ni kuwa na tsaya, hannuna cikin nasa, na rasa ko in zare ko in bari. Shekara ashirin ina ɗaukar kaina rago. Ko kaciyar ɗana ban iya tsayawa ba don kada a ce ga Wayyo zai suma. Likita ya ce a buɗe baki, ya kama, ya girgiza, ya murɗa, sai ga haƙori baƙi ƙirin da saiwa uku. Sarki ya ɗaga hannu, aka tsaya da sauri. Ashe so yake a nuna masa. Ya duba, ya gyaɗa kai irin na masu sana'a.

Aka cire robar, aka zaunar da shi a benci da auduga a baki. Kafin azahar Sarkin Aska ya dawo cikin rigarsa. Ya tambaye ni ko ya yi wata magana. Na ce ya yi. Ya ce shi bai tuna komai ba, iskar Nasara ce. Na tambayi Malam Inuwa a gefe, ya ce wasu suna mantawa, wasu kuma sun fi son su manta. Muka ƙara kwana uku ana duba wuyan har ya saɓe, muka sayi aska biyu don shaida, muka kamo hanya. A bakin iyaka gardin nan ya gane shi, ya tambaye shi ina ya sayar da azurfar.

Sauran kun sani, a gabanku aka yi. Bai kwana biyu ba giɓin ya tona kansa, sai ya juya labarin. Wai ya je sayen aska ne haƙori ya ɗan motsa, Nasara ya kawo iska, shi kuwa ya ce a mayar, shi Mati ba a yi masa aiki da dabara. Wai ni ne ma aka fitar da ni waje ana yi mini fifita. Kuka yi dariya, kuka zo kuna tambayata, na ce aska muka je saye. Allah ya sani, na kwana da abin nan a maƙogwaro wata biyu.

Sai kasuwar da ta wuce ta sama. Manomin nan na wajen Kwaya, mai zabi, ya zo da nasa haƙorin. Aka taru kamar kullum, ni ina can baya. Sarki ya kama, muka ji ƙas, mutumin ya yi wata ƙara, "na mutu, na lalace!" Kuka fara murmushi, kuna jiran a ɗaga awartaki. Wani ma har ya riga ya fara faɗin sunan. Sarki ya tsaya da guntun haƙori a ƙarfe, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dafa kan mutumin.

Ya ce, "Yi kukanka, da zafi. Ba laifinka ba ne, ni na karya shi." Ya ɗago, ya neme ni cikin taro. "Ilu! Ka san hanyar Kano. Gobe ka kai shi wurin mai iskar nan. Abin da ka gani can kuma, wanda ya tambaye ka, faɗa masa. Na sauke maka amanar."

Sai da na waiwaya in ga wa ake kira.

Na kai mutumin, an cire masa saiwar, ya dawo lafiya, shi ma ya yaba burodin. Rumfar Sarki kuwa kun ga yadda ta koma. Tun da ya daina sa suna kuka kwashe kuka koma wurin sabon wanzamin bakin mahauta, wanda hannunsa bai kai rabin na Sarki ba amma bakinsa ya fi, ga shi har ya yi muku Kar-Ka-Ja da Na-Fasa. Ashe ba magani kuke zuwa kallo ba. Na kuma san abin da za ku yi in an gama karanta muku wannan: za ku tafa, ku nemi sunan da za ku laƙa wa tsohon, sannan ku ce kai, Wayyo ya iya labari.

Ku ce. Jiya na wuce ta rumfarsa, yana zaune shi kaɗai yana wasa aska, ya ce, "Ilu, zo in rage maka sumar nan." Na zauna na miƙa masa kai. Duk faɗin Dungas mutum ɗaya ke kirana da sunan da ubana ya raɗa mini, shi ne wanda ya ƙwace shi.